Sakkwato Ta Taɓa Zama Bakin Teku, Shaidar Kuwa Tana Tafiya a Bayan Tifa

Tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Illela zuwa Badagry a 2024, mai tsawon kilomita 1,068, maganar da ke bakin jama'a ita ce za a haɗa Sakkwato da teku. Ɗan firamare ma ya san dalilin murnar. An koya masa cewa garinsu yana can ƙuryar arewa maso yamma, bakin hamada, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, teku kuwa abin mutanen Ikko ne da Fatakwal. Tarihin da ake ba shi yana tashi daga Gobir da Kabi da Zamfara, ya biyo ta jihadin 1804 da kafa birnin a 1809, ya sauka kan zuwan Turawa a 1903. Babu ƙarya a cikin wannan. Sai dai labarin mutanen da suka taka ƙasar ne kawai, na ƙasar da aka taka ba ya ciki.

Ƙasar nan ta taɓa zama gaɓar teku, ba sau ɗaya ba ma, kuma shaidar tana a fili ga wanda ya san abin da zai duba. Muna asarar ta ne ta hanya biyu. Akwai sakaci: ana haƙa ta, ana fasa ta, ana ƙone ta, ba wanda aka ɗora wa nauyin ɗibar samfuri ya ajiye. Akwai kuma surutu: duk wanda ya tsinci baƙon dutse sai ya ɗora hotonsa a Facebook da labarin da ransa ya raya masa. A ganina surutun ya fi ɓarna, domin shi ke sa mai hankali ya tattara maganar gaba ɗaya ya jefa ta kwandon tatsuniya.

Matafiyin da ya taso daga Gusau yana ganin manyan duwatsu masu tauri irin na Kwatarkwashi. Waɗannan su ne gindin komai. Da ya wuce Talata Mafara sai su ɓace, ƙasa ta miƙe, sai tuddai masu shafaffen kai da marmara ta lulluɓe. Daga nan ya shiga babban kwarin da masana duwatsu ke kira Iullemmeden, wanda ya ratsa Nijar ya kai Mali, mu kuwa muna bakinsa na kudu maso gabas. Duwatsun cikin kwarin shimfiɗu ne bisa juna, kamar fatun da majemi ya jera sannan ya ɗan karkatar da su wajen arewa maso yamma. Saboda wannan karkata, wanda ke tafiya yamma yana hawa ne daga tsohuwar shimfiɗa zuwa sabuwa ba tare da ya haƙa ko taƙi ɗaya ba.

Ta can ƙasa ita ce ta Gundumi da Illo: tsakuwa da yashi da yumɓun koguna, har da itatuwan da suka zama dutse. Teku bai iso ba tukuna. Bisa ita akwai ta Taloka, rairayi mai laushi da laka irin na fadamar bakin teku inda ruwa ke hawa yana sauka. Sai ta Dukamaje, yumɓu mai ɓamɓaruwa falle-falle, da jifsam, ma'adinin da ake yin filasta da shi, a tsakankaninsa, da siririn farin dutse, da wani layi kusa da gindinta da ke cike da haƙoran kifi da ƙasusuwa. Nan ne teku ya shigo sosai. Sai ta Wurno, rairayi kuma, alamar ruwa ya ja da baya. Sai ta Dange, yumɓu mai falle-falle da dunƙulen fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, teku ya dawo. Sai ta Kalambaina, farin dutsen da ake siminti da shi, kaurinsa kamar mita 20 a inda ya cika, wanda ba ya taruwa sai a ruwan gishiri mai ɗumi, garau, marar zurfi. Sai 'yar siririyar shimfiɗar Gamba, daga nan teku ya tafi ke nan, jan yashi da yumɓun Gwandu suka rufe komai.

A duba sunayen. Duk na garuruwanmu ne. Ɗalibin ilimin duwatsu a Ibadan ko Landan yana haddace Dukamaje don ya ci jarrabawa, yaron da aka haifa a Dukamaje can ƙasar Gada kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke cikin tudun bayan gidansu.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ta inda ruwan ya zo. Daga arewa ya kwararo, daga tsohon tekun da Bahar Rum ya zama ragowarsa, ya ratso tsakiyar inda Sahara take a yau. Bai yi zurfi ba, ana ƙiyasta shi kamar mita 50, ya yi ta shigowa yana fita tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce. Wato hamadar da muke tsoron tana matso mu, ita ce hanyar da teku ya biyo ya same mu.

Akwai kuma wani abu a cikin tarin nan da garuruwa kaɗan ke da shi. A shimfiɗar Dukamaje ana samun wata halitta mai nannaɗaɗɗen ɓawo da ake kira amonayit, irin jinsin Libycoceras, tare da manyan ƙadangarun teku. A Dange da Kalambaina, da ke sama da ita, babu ko ɗaya daga cikinsu. Akwai kifaye, da kadoji, da kififfiya, da katantanwa iri-iri, da bushiyar teku, amma waɗancan biyun sun ɓace. Haka abin yake a duk faɗin duniya, domin shekaru miliyan 66 da suka wuce aka yi babbar halakar da ta tafi da su tare da dinosa. Layin wannan halaka yana cikin ƙasarmu, a tsakanin shimfiɗar Wurno da ta Dange.

Ƙadangaren tekun nan ma sunan Goronyo yake ɗauke da shi. A 1930 wani masanin Birtaniya, W. E. Swinton, ya bayyana wasu ƙasusuwa daga lardin Sakkwato ya ba su suna Mosasaurus nigeriensis. Wajen shekara arba'in bayan haka wata tawaga daga Italiya ta zo ta samo ƙoƙon kai, ta ga ya bambanta da sauran danginsa, a 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka canja masa suna zuwa Goronyosaurus. Dogon baki gare shi da haƙora masu shiga tsakanin juna irin na kada. A 1975 L. B. Halstead ya raɗa wa wani kadan teku daga Dukamaje suna Sokotosuchus. Ƙoƙon kan Goronyosaurus yana birnin Fulorens na Italiya. Ban ce a je a yi rigima a kansa ba, da an bar shi nan wataƙila da ya daɗe da zama gari. Amma kwafinsa na filasta, wanda kowane gidan tarihi ke iya zubawa ya aiko, ya kamata a ce yana Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu inda 'yan makaranta za su taɓa shi da hannu.

Labarin wannan dabba yana nuna yadda tambaya ta gari ke aiki. An ba ta suna, an canja. An sake zana ƙoƙon kanta bayan wasu masana sun ƙi yarda da zanen farko. An ƙiyasta tsawonta kusa da mita 8, daga baya aka dawo da shi kusa da mita 5. Duk wanda ya kawo gyara, ƙashin ya koma ya auna, ya rubuta yadda ya auna domin wani ya bi sawunsa ya kama shi in ya yi kuskure. Wanda ke cewa masana sun haɗa baki sun ɓoye gaskiya bai san yadda suke cin naman juna a kan santimita biyu ba.

To, ga irin tambayar da ke ɓata mana lokaci. Wani ya haƙa rami a kufai ya ci karo da tukunyar wuri, ya ce ga shaidar teku. Ba ita ba ce. Wuri kuɗi ne, fatake suka kawo shi. Ƙaramin daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya yake, babban kuwa daga gaɓar gabashin Afirka 'yan kasuwar Jamus suka yi ta jibgo shi ta bakin teku a ƙarni na 19 har darajarsa ta faɗi. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya. Wurin kasuwanci yana da sauran sheƙinsa, sau da yawa an fasa bayansa don a shiga da zare, kuma ana samun sa tare da katangar tukwane da toka. Katantanwar tsohon teku ba ta sheƙi. Galibi ɓawon ma ya narke, abin da ya rage cikon dutse ne da ya ɗauki siffarsa, kuma a manne yake cikin dutsen, ba a warwatse cikin juji ba. Haka ƙumbar gulbi da ake tsinta a bakin Rima: ta ruwan daɗi ce, ta bana ko ta bara.

Sai maganar Samudawa. Duk babban ƙashin da ya fito daga rami, sai a ce na ƙattin mutanen da ne, a haɗa da hotunan da aka ƙirƙira a kwamfuta na mutum tsaye kusa da ƙoƙon kai mai girman ɗaki. Gaɓar ƙashin baya kaɗai ta isa ta raba gardama. Ta mutum shafaffiya ce sama da ƙasa. Ta kifin shak faifai ce zagayayya mai rami a fuska biyu. Ta ƙadangaren teku tana da rami a gaba da tudu a baya, kowace tana shiga cikin ta kusa da ita. Wanda ya riƙe irin wannan a hannunsa ya ce ta mutum ce, bai taɓa leƙa mahauta ba ma, balle ɗakin koyon likita. Da yawa daga cikin abin da ake kira ƙwan dodo kuma dunƙulen tama ne kawai. A fasa shi, za a ga da'ira cikin da'ira ta tsatsa, babu ɓawo, babu 'yan ramukan da ke cikin ƙashi.

Maganar Ɗufana ta fi buƙatar natsuwa. Musulmi bai da shakka a kan ruwan Annabi Nuhu, amma ba kowane dutse mai katantanwa ne shaidarsa ba, kuma jingina aya da abin da bai tabbata ba cutar da ayar ake yi. Tarin da ke ƙarƙashinmu yana nuna ruwa ya zo, ya zauna, ya koma, ya sake zuwa. Jifsam ba ya samuwa sai inda ruwan gishiri ko ruwa mai sinadarin kibiritu ya tsaya ya ƙafe a hankali. Farin dutse mai kaurin mita 20 da aka gina da ɓawon ƙananan halittu yana buƙatar zuriya bayan zuriya su rayu su mutu a wuri ɗaya. Akwai ramukan tsutsotsin teku a tsakiyar shimfiɗun, alamar an yi zaman lafiya a kowane hawa kafin na sama ya rufe shi. Ambaliya ɗaya cakuɗa komai take yi. Kuma wannan tunani ba na Turawa kaɗai ba ne. Al-Biruni, kusan shekara dubu da suka wuce, ya dubi katantanwar da ke fitowa daga rijiyoyin hamadar Larabawa ya ce wurin teku ne a da, Ibn Sina kuma ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse da halittu a cikinta. Garin da ke alfahari da gadon karatu bai kamata ya ji tsoron abin da malaman Musulunci suka daɗe da faɗa ba.

Wanda ke son ya matsa wa masana, ga inda zai matsa. Shekarun nan na miliyoyi ba da gwajin kabon aka same su ba, kamar yadda ake yawan faɗa a muhawara. Gwajin kabon ba ya wuce shekara 50,000, kuma ba ya aiki a kan dutse. Yadda ake yi shi ne a gano halittun da ke cikin shimfiɗa, musamman amonayit da ƙananan halittun da sai da madubin likita ake ganin su, a nemo irinsu a wata ƙasa inda tokar dutse mai aman wuta ta rufe su, a auna shekarun tokar ta hanyar yuraniyam ko agon, sannan a ɗauko lissafin a kawo nan. Hanya ce mai ƙarfi, amma kwatance ce. Tana iya gaya maka Dukamaje ta girmi halakar nan kuma Kalambaina ta biyo bayanta. Ba ta iya gaya maka kai tsaye shekara nawa suka ɓace a tsakanin Wurno da Dange, inda zaizaya ta cinye wani ɓangaren tarihin. Wannan gurbi ne na aiki, ba na zargi ba.

Gwajin farko kuwa kowa na iya yin sa a tsakar gida. A kankare ɗan gari daga jikin dutsen da wuƙa, a ɗiga masa binega ko ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa yana ƙara, farin dutsen siminti ne. A kan gari ake ɗigawa, domin a kan dunƙulallen dutse tsamin binega bai da ƙarfin nuna kumfar sosai. Kada a yi amfani da ruwan batir. Ban da haɗarinsa ga ido da fata, yana yi wa dutsen wani ɓawo nan take da ke tsayar da kumfar, sai mutum ya ɗauka ba shi ba ne. Jifsam ba ya kumfa, yana da haske kamar gilashi, yana tsagewa falle-falle, kuma farce na yi masa zane. Ƙashin da ya zama dutse ya fi sabon ƙashi nauyi, launinsa ya fi duhu, in an dubi inda ya karye za a ga 'yan ramuka birjik a tsakiyarsa.

Mafi yawan ɓarnar a minti goman farko take faruwa. Mutum ya ga ƙashi a jikin kwazazzabo, ya sa hannu ya fizge. Rabin darajar abin ta tafi ke nan, domin ƙashin da ba a san daga wace shimfiɗa ya fito ba ya zama kayan ado. Kafin a taɓa shi a ɗauki hoto uku: na kusa da biro ko rula a gefensa don a san girma, na tsakiya da ke nuna shimfiɗar sama da ta ƙasa, da na nesa da ke nuna tudun gaba ɗaya. A buɗe taswirar waya a kwafi lambobin wurin. A rubuta mita nawa ne daga saman gaɓar zuwa inda yake, kuma a manne yake ko gangarowa ya yi. Da fensir ake rubuta takardar da za a sa cikin ƙunshin, tawadar biro tana zuba in ta ji damshi.

Kada a wanke shi. Yumɓun Dukamaje da Dange yana shan ruwa ya kumbura, jifsam ɗin da ya cika tsagogin ƙashin ya saki, abin da ya yi shekara miliyan 60 a dunƙule ya watse a cikin bokiti. Tsohon buroshin haƙori a bushe ya isa. Kada a shanya shi a rana, a bar shi a inuwa ya bushe a hankali. Kada a liƙa shi da sufa gulu ko a shafa masa fenti mai sheƙi, domin duk wanda zai yi nazarinsa daga baya sai ya ɓata makonni yana kankare su, wani lokaci da fatar ƙashin. Kada kuma a ɗaure shi cikin leda da damshinsa. Wasu samfuran suna da wani ma'adini mai ƙyallin zinari a cikinsu, wanda in ya haɗu da damshin damina yake komawa farin gari ko rawaya mai warin kibiritu, ya tarwatsa ƙashin daga ciki. A naɗe shi da tsohuwar jarida, a sa a kwali, a ajiye a busasshen wuri.

In ƙashin babba ne, ko kuma da yawa ne a jere, abin da ya fi shi ne a rufe shi da ƙasa a sanar da sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In kuwa ruwa ko katafila za su riga su, ga yadda ake ɗauke shi. Ana haƙa rami a kewaye shi a bar shi zaune bisa ginshiƙin ƙasarsa. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar takarda mai kauri. A yanka buhun algarara tsiri-tsiri, faɗin tafin hannu, a tsoma cikin filastar da masu silin ke amfani da ita, a naɗa hawa uku, kowane hawa yana gicciye na ƙasansa. Filasta ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin filasta ba, in ba haka ba ta yi gudaji, kuma kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa don tana kamawa cikin minti 20 zuwa 30. In ta bushe sai a sare ginshiƙin daga ƙasa, a juya dunƙulen gaba ɗaya lokaci guda, a rufe ɗaya gefen. Wanda ya manta da takardar, filasta za ta kama ƙashin kai tsaye ba ta sake saki. Wanda ya juya da jinkiri, kayan cikin za su zube ta ƙasa.

Duk wannan aikin mutum ɗaya ne da ya yi sa'a. Babban ramin da ke buɗe tarihin nan kullum yana Kalambaina. An kafa kamfanin simintin a 1962, ya fara aiki a 1967 da tan 100,000 a shekara, yau a hannun BUA yana fitar da miliyoyin tan. Kowane tan na ƙullin siminti yana cin kamar tan ɗaya da rabi na ɗanyen kaya, mafi yawansa farin dutse, a gasa shi a zafin digiri 1,450. Duk bulon da aka buga a garin nan, halittun tsohon teku ne aka ƙone aka kwaɓa. Ba ni da ja da wannan, kuma ba laifin kamfani nake gani ba. Mutane na buƙatar gida da aiki, kuma ba don haƙar ba da ba a ga fuskar shimfiɗar haka ba, shi ya sa ake kai ɗaliban jami'o'i can. Abin da nake nema kaɗan ne: a keɓe bango ɗaya na tsohon rami, tsawon mita 100, a bar shi tsaye daga sama har ƙasa da matakala da allo, kuma duk lokacin da aka buɗe sabuwar fuska a ba masani kwana biyu ya auna ya ɗebi samfuri kafin a ci gaba. Haka a duk inda sabuwar hanyar nan za ta yanka tudu, kafin a zuba masa kankare.

Doka ba ta taimaka ba. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta kare burbushin mutum da na dabbobin da aka samu tare da mutum. Ƙadangaren da ya mutu tun kafin a yi mutum bai shiga wannan ma'anar ba. Ma'adinai kuma hurumin tarayya ne. Amma hannun jiha bai ɗaure ba. Ƙasa tana hannun gwamna a ƙarƙashin dokar 1978, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin, kuma kowane babban aiki sai an yi nazarin tasirinsa ga muhalli. Sharaɗin adana samfuri zai shiga cikin kowace daga cikin waɗannan takardu a layi uku. A Masar, hukumar UNESCO ta mayar da wani kwarin hamada mai ƙasusuwan kifin wel a Fayum wurin tarihi na duniya a 2005. A Yamai, gidan tarihin Boubou Hama yana da ƙwarangwal ɗin dinosa da na ƙaton kada da aka haƙo daga hamadarsu. Misalin da ba na so mu bi shi ne na Maroko, inda burbushin mahaƙar fosfat ya zama hajar kasuwa, har ana harhaɗa haƙoran dabbobi daban-daban a dasa su a muƙamuƙin filasta a sayar wa baƙi. Da zarar an sa wa ƙashi farashi, mai tsinta zai ɓoye inda ya same shi.

Za a ce ana fama da 'yan bindiga a Goronyo da Gada da Isa, wa ke da lokacin ƙasusuwa? Gaskiya ne ba mai hankalin da zai tura ɗalibai Gilbadi can ƙasar Gada a wannan hali. Amma Dange da Kalambaina da Wurno suna kusa, kuma sanin shimfiɗun nan ba abin nishaɗi ba ne kawai, maganar ruwan sha ce. Farin dutsen Kalambaina yana da tsagogi da ke riƙe ruwan sama, yumɓun Dange da ke ƙarƙashinsa ba ya barin ruwan ya wuce, shi ya sa ake samun maɓuɓɓuga da rijiyoyi marasa zurfi a gefen tuddai. Tsaga ba ta tace ruwa kamar yashi, don haka salgar da ke kusa tana isa rijiyar da sauri. Burtsatsen da ya ratsa yumɓu mai jifsam ba a toshe wannan hawa da bututu da siminti ba, ruwansa zai fito da zartsi. Wanda ya sauka cikin rairayin Wurno ko Taloka da matata mai faɗin tsaga, ba tsakuwar tacewa a kewayenta, zai yi ta jan rairayi har famfon ya ci kansa. A yamma kuwa, inda yumɓu ya danne yashin Gwandu, akwai fadamun da ruwa ke tasowa da kansa in an huda.

Masu haƙar burtsatse su ne ke da mabuɗin babbar tambayar da har yanzu masana ke gardama a kanta. Farin dutsen Ewekoro a jihar Ogun, wanda shi ma siminti ake yi da shi, tsaran na Kalambaina ne, kuma wasu ƙananan halittun da ke cikinsu sun yi kama. Wasu masana, ciki har da C. A. Kogbe da ya daɗe yana nazarin kwarin Sakkwato, sun tafi a kan cewa tekun arewa ya haɗu da na kudu ta kwarin Bida. Masu ja da su suna tambayar ina shimfiɗar tekun wancan zamani a tsakanin wuraren biyu. Ko dai zaizaya ta cinye ta, ko tana binne, ko ba a taɓa yin ta ba. Kowace rana ana huda ƙasa a Sakkwato da Kebbi da Neja, garin dutsen da ke fitowa kuwa ana barin sa a bakin rami ruwa ya tafi da shi. Da hukumar ruwa za ta sa a cikin kwangila cewa a kowace mita 3 a ɗebi cikin tafi ɗaya, a shanya, a ƙulla, a rubuta zurfi da lambobin wurin a kai jami'a, kuɗin bai kai na buhun siminti biyu a kowace rijiya ba.